Tambaya da Amsa: "An Ce Na Yi Baƙi, An Ce Na Rame"

Wasiƙun da suka taru a wannan watan kusan duk da magana ɗaya suka buɗe: "an ce". An ce na yi baƙi, an ce na rame, an ce na saki jiki. Ba mu ga wadda ta rubuto cewa wani wuri ne ya fara yi mata ciwo ba. Ciwon daga baya yake zuwa, bayan an sha ko an shafa maganin abin da tun farko ba cuta ba ne. Mun zaɓi guda shida muka miƙa wa likitar fata, likitar mata da kuma mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Kamar kullum, mun sakaya sunayen masu tambaya.

Assalamu alaikum Likita. Shekarata 26. Shekara uku ke nan ina shafa wani haɗin mai da ƙawata take kawo mini a roba, babu suna a jiki. Na fara ne don an dame ni da cewa ƙanwata ta fi ni haske, ita za a fara gani. Hasken kam na yi, amma yanzu gaɓoɓin yatsuna sun yi baƙi ƙirin, jijiyoyi sun fito raɗau a cinyata, ga nankarwa manya-manya a hammata alhali ban taɓa haihuwa ba. Sau biyu ina dainawa, kafin mako ya zagayo fuskata ta ɗau zafi kamar wuta, ƙuraje suka feso, sai na koma. Yaya zan yi in fita?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Nankarwa mai faɗi ba tare da ciki ba, da zafin nan da ke tasowa duk lokacin da kika daina, alamu ne na sitiroyid mai ƙarfi a cikin haɗin. Kuma komawar da kika yi sau biyu ba rashin ƙoƙari ba ne, haka maganin yake kama mutum.

Masu haɗa irin wannan mai ba su cika wuce abu uku ba. Na farko shi ne sitiroyid ɗin, wanda a jikin bututu ake rubuta clobetasol ko betamethasone. Magani ne na gaske, na cututtukan fata masu taurin kai, kuma clobetasol yana sahun mafi ƙarfi. Ƙa'idarsa ita ce kada a wuce giram 50 a mako, kada a wuce mako biyu zuwa huɗu a jere, kada kuma a kai shi fuska. To shafe jikin babban mutum sau ɗaya yana cin giram 20 zuwa 30 na mai. Ki lissafa da kanki: safe da dare, shekara uku, ko da an sirka shi da wani man. Yana haskaka fata ne ta hanyar matse ƙananan jijiyoyin jini da danne ƙwayoyin da ke yin launi, yana kuma hana fata saƙa zaren da ke riƙe da ita. Shi ya sa taki ta yi shara-shara har kina hango jijiya, ta kuma tsattsage ta ciki. Wannan tsagewar ce nankarwar da kike gani.

Na biyu shi ne hydroquinone. Likitoci na ba da mai kashi 4 cikin ɗari don wani tabo takamaimai, a ɗiga a kan tabon kaɗai, bayan wata uku ko huɗu a huta. Idan aka daɗe ana shafawa ana kuma shiga rana, sai reshe ya juye da mujiya: baƙi mai shuɗi-shuɗi ya zauna a saman kumatu da gefen ido, wani lokaci da 'yan gudaji kamar yashi, kuma yana da wuyar fita ƙwarai. A Afirka ta Kudu likitoci suka fara bayyana wannan a 1975. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2001, Amurka kuma ta hana sayar da shi ba tare da takardar likita ba a 2020.

Na uku ita ce zaiba, wadda aka fi sani da makuri. In an rubuta, za ki ga calomel ko mercurous chloride, amma galibi ba a rubuta komai. Ƙoda take fara taɓawa: fitsari mai kumfa, kumburin ƙafa da na fuska da safe. Sai rawar hannu, mantuwa, saurin fushi. Tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi, tana bin ruwan nono, tana kuma manne wa tawul da zanin gado, don haka wanda bai taɓa shafawa ba a gidan ma yana samun rabonsa. Yarjejeniyar ƙasashen duniya kan makuri, wato ta Minamata ta 2013, ta sa iyakar miligiram 1 a kowane kilo na kayan shafa, a 2023 kuma ƙasashen da suka sa hannu suka amince a hana ta gaba ɗaya.

Duk ukun babu wanda ke canja launin da aka halicce ki da shi. Yawan ƙwayoyin launi a fatar fari da ta baƙi kusan ɗaya ne, bambancin yana ga yawan aikin da suke yi. Shi man shafawar, danne su kawai yake yi, ranar da aka ɗaga sai su koma aiki, har ma fiye da da. A kan wannan kasuwar take ci: mai saye ba ta da ranar gamawa.

Ga hanyar fita. Ki ɗauki robar ki je wurin likitan fata, kada ki ɓoye tsawon lokacin. Za a auna hawan jini da suga, a duba fitsari da aikin ƙoda, sannan a ɗebi jini da sassafe, wajen ƙarfe takwas zuwa tara, a auna kotisol. Wannan shi ne sitiroyid ɗin da jiki ke yi da kansa a wasu 'yan ƙullutai biyu da ke saman ƙoda. Idan na waje ya daɗe yana shiga jini ta fata, sai su yi kwance su bar aiki. Nan ne gizo ke saƙa: makuri so ake a daina shi yau-yau, sitiroyid kuwa ba a yanke shi lokaci ɗaya. Tun da haɗinki ba shi da suna, abin da ake yi shi ne a jefar da shi, a musanya da sitiroyid sananne wanda aka san ƙarfinsa, a riƙa rage shi: kullum, sannan a tsallake kwana ɗaya-ɗaya na mako biyu, sannan sau biyu a mako, sannan a sauka zuwa mai rauni kamar hydrocortisone kashi 1, har a ajiye. Likita ne zai tsara tsawon kowane mataki bisa sakamakon gwajin. Ga fuska ana yawan ba da man tacrolimus, wanda ba sitiroyid ba ne, da ƙwayar doxycycline na mako shida zuwa goma sha biyu saboda ƙurajen. Mai ciki ba ta shan wannan ƙwayar.

A wannan tsakanin, sabulu marar ƙamshi, mai mai kauri marar ƙamshi sau biyu a rana, ruwa mai sanyi a tsumma idan fuska ta ɗau zafi. Banda gurza, banda jiƙa yatsu a wani ruwan ɓare fata. Gaɓoɓin sun yi baƙi ne don fatarsu mai kauri ce da ninki, kuma duk dirzar da ta ji baƙin ƙaruwa yake yi. Man kare rana mai lamba 30 ko sama ya zama dole, tsawon yatsu biyu ga fuska da wuya, a sake bayan awa biyu in ana waje. Idan kika ji kasala mai tsanani da jiri da amai da ciwon ciki, asibiti nan take, ki kuma faɗa musu kin daɗe a kan sitiroyid. Haka in za a yi miki kowace irin tiyata, domin fatar da ta sha wannan mai ba ta riƙe ɗinki da kyau, ciwo kuma ba ya saurin warkewa.

Zafi da ƙuraje suna lafawa cikin makonni zuwa 'yan watanni. Launi zai dawo dabbare-dabbare, ya fi na da duhu, sannan ya daidaita a hankali cikin wata shida zuwa shekara. Nankarwa za ta dushe amma ba za ta ɓace ba, gara ki sani tun yanzu. Wata na biyu da na uku su ne mafi wuya, kuma ba don fatar ba, don bakin mutane: "Wance lafiya kika yi baƙi haka?" A nan yawanci ake komawa. Ki tanadi amsa guda gajera, kamar "man ne yake taɓa mini lafiya, likita ta hana," ki riƙa maimaita ta ba ƙari. Ki kuma gaya wa ƙawar taki ta daina kawowa, ita ma ta je a duba ta.

Likita, ni ba na shafa komai. An ce mini allurar haske ko ƙarin ruwa ya fi tsabta tun da daga ciki yake aiki. Haka ne?

A'a, 'yar'uwa. Abin da ake ɗurawa yawanci wani sinadari ne mai suna glutathione, kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ba ta amince da kowace allura don haskaka fata ba, ta ƙasar Filifin ma ta yi gargaɗi a kansa. Ɗan hasken da wasu ke gani yana gushewa idan aka daina. Abin da ba ya gushewa shi ne ciwon hanta ko wata cutar jini da aka ɗauka daga allurar da aka yi a ɗakin gyaran jiki, ko ƙwayar cuta da ta shiga jini kai tsaye. An kuma samu masu mummunan borin jiki inda fata ke saɓulewa. Mai ko ba komai ana iya wanke shi, abin da aka tura jijiya kuwa ya tafi.

Tun da an taɓo allura: duk wanda ya ce zai ɗura miki ruwan silikon a mazaunai ko ƙirji, ki tashi ki bar wurin. Yana yawo a cikin jiki, yana yin ƙullutai masu ruɓewa, yana iya bin jini ya toshe huhu, kuma ba a iya kwashe shi duka. Ita kanta tiyatar ɗebe kitse a mayar mazaunai, wani binciken likitocin fiɗa na 2017 ya ƙiyasta mutuwar mace ɗaya cikin kimanin 3,000, saboda kitsen da aka tura cikin tsoka yana shiga manyan jijiyoyi.

Salamu alaikum. Bikina saura wata huɗu. Dangin wanda zan aura sun ce na cika rama, kaya ba za su zauna mini ba. Tsawona mita 1.62, nauyina kilo 52. Wata ta ba ni ƙwayoyi iri biyu, ƙanana farare, na yi mako biyar ina sha. Kumatuna sun ciko kowa yana yabawa, amma da rana barci, da dare ido biyu, ga ƙishirwa da yawan fitsari. In ci gaba har biki?

Amarya, mu fara da lissafi. Ana ninka tsawo da kansa, 1.62 sau 1.62 ya ba da 2.62, sai a raba nauyi da shi: 52 a raba da 2.62 ya kama 19.8. Ma'aunin lafiya yana tsakanin 18.5 da 24.9. Ke nan ba ramammiya ba ce ke, siririya ce, kuma sirantaka ba cuta ba ce. Kayan da ba su zauna ba aikin tela ne.

Ƙwayoyin da ake haɗawa don ƙiba kusan kullum su ne cyproheptadine da dexamethasone, kuma alamunki sun yi daidai da su. Ta farko maganin ƙaiƙayi da atishawa ce wadda ke buɗe ciki a matsayin illa, ita ce kuma ke sa ki barcin rana. Akan sayar da ita a ruwa ma da sunan sirof na ƙarin jiki, an kuma samu waɗanda ta taɓa wa hanta. Ta biyu ita ce babbar matsalar. Sitiroyid ce mai ƙarfi sosai: miligiram 0.75 nata yana daidai da miligiram 20 na kotisol, kusan abin da jiki ke yi wa kansa a yini guda. Ƙwaya biyu ƙanana sun riga sun wuce wannan.

Cikowar da ake yaba miki ba ƙibar da kike nema ba ce. Dexamethasone tana tara ruwa da gishiri a jiki, tana kwashe kitse ta kai fuska da ƙeya da tumbi, tana kuma cinye tsokar hannu da cinya da mazaunai. Wadda ta daɗe a kai takan wayi gari da fuska kamar faranti, doro a wuya, ciki gaba, ƙafafu sirara. Wato daidai wuraren da aka so su ciko su ne ke zubewa. Bayan haka akwai hawan jini, gyambon ciki, rikicewar al'ada, gashi a haɓa, raunin ƙashi, da mutuwar kan ƙashin ƙugu wadda kan kai yarinya ƙarama ga tiyatar sauya ƙugu. Ƙishirwa da yawan fitsarin da kika ambata su suka fi damuna, domin alamar suga ya hau ne. Ki auna shi a wannan makon.

Kada ki daina yau da kanki. Duk wanda ya wuce mako uku a kan irin wannan ƙwaya sai an rage masa a hankali, saboda dalilin da muka yi bayani a amsar farko. Ki kai ƙwayoyin asibiti, ki faɗi nawa kike sha a rana, a tsara miki saukowa. Kumatun za su saɓe cikin makonni, za a kuma yi magana. Gara a yi ta yanzu da a yi ta kina gadon asibiti a makon biki.

In har kina son ƙarin kilo biyu ko uku don kanki, wata huɗu ya isa. Ki ƙara kalori 300 zuwa 500 a rana, wato ƙaramin ci biyu tsakanin manyan ukun, mai gina jiki ba zaƙi zalla ba. Kada ki cika ciki da ruwa dab da cin abinci. Ki yi motsa jiki na ɗaga nauyi da tsugunne-tashi sau uku a mako, don abin da ya ƙaru ya tafi tsoka. Kwata zuwa rabin kilo a mako shi ne gudun da ya dace. Wadda ke ramewa ba da niyya ba kuwa, ta zubar da kashi 5 cikin ɗari na nauyinta cikin wata shida zuwa shekara, ba ƙwayar ƙiba take buƙata ba, gwaji take buƙata: tarin fuka, suga, maƙoƙo, cuta mai karya garkuwar jiki, ko damuwa. Sitiroyid a kan tarin fukan da ba a gano ba fetur ne a kan wuta.

Likita, ni namiji ne. Matata ta haihu wata biyar da suka wuce, haihuwa ta uku, amma har yanzu cikinta kamar mai ciki wata huɗu. Na sayo mata bel na matse ciki da shayin rage tumbi, tana sha amma babu canji, kuma in na yi magana sai ta yi fushi. Me ya fi aiki?

Malam, mun gode da ka tambaya maimakon ka ƙaro wani shayin. A ajiye shi daga yau. Yawancin irinsa ganyen sa zawo ne a ciki. Abin da ke raguwa a sikeli ruwa ne da bahaya, ba kitse ba, yana kuma zubar da sinadarin fotasiyam wanda zuciya ke bugawa da shi. An sha kama wasu da sibutramine a ɓoye, maganin rage ƙiba da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Mai shayarwa ba ta da abin yi da shi.

Mahaifa tana kai kilo ɗaya bayan haihuwa, tana komawa ƙasa da giram 100 cikin mako shida, don haka a wata biyar ba ita ba ce. Abin da ya fi yawa a haihuwa ta uku shi ne rabuwar tsokar ciki. Tsokoki biyu ne dogaye daga ƙirji zuwa mara, da wata jijiya mai faɗi a tsakaninsu. Ciki yana miƙe jijiyar, su kuma su buɗe, hanji ya turo gaba. Za ta iya dubawa da kanta: ta kwanta rigingine, ta lanƙwashe gwiwoyi, ta ɗora yatsu a saman cibiya, ta ɗago kai kaɗan. Idan yatsu biyu ko fiye suka nutse tsakanin tsokokin, ko ciki ya yi tsini a tsakiya kamar tudu, to ta ga likita ko mai gashin ƙashi da motsa jiki, a kuma duba ko akwai ƙabar cibiya.

Motsa jikin da kowa ke fara yi, na kwanciya a riƙa tasowa zaune, ba da shi aka fi so a fara ba. Wanda ya dace shi ne ta kwanta a gefe ko rigingine, ta saki numfashi a hankali, ta ja ƙasan cibiya ciki kamar mai zuge siket matsattse, ta matse ƙasanta kamar mai riƙe fitsari, ta ƙirga goma tana numfashi, ta saki. Sau goma, sau uku a rana, wata biyu zuwa uku kafin a ga bambanci. In za ta tashi daga gado ta mirgina gefe tukuna. Ɗamara mai laushi tana taimaka wa wasu a makonnin farko, musamman bayan tiyata, amma bel mai ƙarafa ba ya narkar da kitse ba ya haɗe tsoka. Matsin da yake yi sama yake tura abinci ya kawo ƙwannafi, ƙasa kuma ya danne mafitsara da mahaifa a kan tsokokin da haihuwa ta riga ta sassauta, sai yoyon fitsari idan an yi tari. In akwai ƙiba ta gaske, rabin kilo a mako ya isa, domin shayarwa kanta tana cin kalori wajen 500 a rana.

Fushin kuwa ba abin mamaki ba ne. Ta riga ka ganin cikin, kullum tana ganinsa. Bel ɗin da ka miƙa mata a matsayin kyauta, ita abin da ta ji shi ne ba ta yi maka ba. Abin da zai yi aiki daga ɓangarenka shi ne ka karɓi yaran na rabin awa kullum ta samu ta taka ko ta runtsa, domin ƙarancin barci yana ƙara yunwa yana riƙe nauyi. Ka kuma lura: in tana yawan kuka, ba ta jin daɗin komai, ko tana cewa ba ta da amfani, fiye da mako biyu, wannan damuwar bayan haihuwa ce, tana da magani, ta kuma fi tumbin gaggawa. Fatar da ta saki da nankarwa kuwa, wani ɓangarensu ya zauna ke nan. 'Ya'ya uku suka kwana a wurin.

Gashin goshina yana ta ja baya, har na fara jin kunyar buɗe kai a gaban ƙawaye. Ina sa man miƙar da gashi duk wata, ina kuma yin ƙananan kitso da ƙarin gashi.

Haɗa biyun ne ya ci goshin, 'yar'uwa. Man yana raunana silin gashi, kitso mai tsauri da nauyin ƙari kuma suna tumɓuke shi daga saiwa. Alamar farko ita ce zafi da 'yan ƙuraje a bakin kitso. Duk kitson da ya sa ki shan maganin ciwon kai ko ya hana ki kwanciya, a kwance shi a ranar. Kada kitso ya wuce mako shida zuwa takwas, a bar kai ya huta mako biyu, a riƙa sauya tsaga, a kuma bar gashin goshi a waje. Man miƙarwa kada a sake sa shi sai bayan mako takwas zuwa goma sha biyu, a kan sabon tsiro kaɗai, kuma ba a kitso mai ja a makonni biyun da suka biyo baya. In za ki iya barinsa ya fi: wani babban bincike a Amurka a 2022 ya sami cewa masu amfani da shi fiye da sau huɗu a shekara haɗarin sankarar mahaifa gare su ya kai kashi 4 cikin ɗari kafin shekara 70, waɗanda ba sa amfani da shi kuwa kashi 1.6. Idan har akwai 'yan ƙananan gashi a wurin, saiwar tana da rai, maganin shafawa na minoxidil yana taimakawa cikin wata huɗu zuwa shida, banda mai ciki. Inda ya yi sumul yana ƙyalli, saiwar ta mutu, babu man da zai tsiro da ita.

Assalamu alaikum. 'Yata shekararta 15. Ba ta yarda a ɗauke ta hoto sai da abin gyaran fuska na waya, ta ce hancinta ya yi faɗi. Kwanan nan ta daina cin abinci da mu, kullum "na ƙoshi", kayanta sun yi mata yawa. Mahaifinta ya ce yarinta ce, a ƙwace wayar kawai.

Hajiya, abu biyu ne a wasiƙarki, kuma na biyun ba yarinta ba ne.

Batun hanci akwai abin da za ki nuna mata da ido. Wani bincike na 2018 ya auna cewa hoton da aka ɗauka daga nisan santimita 30 yana faɗaɗa hanci da kusan kashi 30 cikin ɗari in aka gwada da na nisan mita ɗaya da rabi. Ki ɗauke ta hoto daga nisan guda biyu ki jera mata. Hancin da take ƙi, na kyamara ne. Fuskokin da take gwada kanta da su kuwa an tace su, har ta kai Faransa tun 2017, da Nowe tun 2022, suna tilasta a rubuta a jikin talla cewa an gyara surar jiki. Kamfanin Facebook, mai Instagram, ma ya sani: takardunsa na cikin gida da suka fito a 2021 sun nuna kashi 32 cikin ɗari na 'yan mata sun ce idan suna jin haushin jikinsu, Instagram ƙara musu yake yi. Kuma abin ba ya ɗaukar lokaci. A wani yanki na tsibirin Fiji, inda ake son mace mai jiki, talabijin ya iso a 1995. A lokacin babu ɗalibar da ta ce tana jawo amai don ta rame. Zuwa 1998 sun kai kashi 11 cikin ɗari.

Ƙwace waya yakan sa yarinya ta koma ta ƙawa ta kuma daina gaya miki komai. Ya fi a zauna tare a duba waɗanda take bi, ta cire duk shafin da in ta kalla take jin ta raina kanta, a kuma hana waya kwana a ɗakin barci, ga kowa a gidan har manya. Ku ma ku duba bakinku. "Kin yi ƙiba", "kin rame kin yi kyau", tsokanar 'yan'uwa, da uwa mai tsayawa gaban madubi tana zagin nata jikin, duk yarinya tana ɗauka.

Rashin cin abincin kuwa likita yake so, a wannan makon, ba sai ta zama ƙashi da rai ba. Ki lura ko al'adarta ta tsaya, ko tana shiga banɗaki da zarar ta gama ci, ko tana yanka abinci ƙanana tana juya shi a faranti, tana jin sanyi kullum, gashi yana zuba, ko tana motsa jiki a ɓoye. Ki yi mata magana ku biyu, ba a kan abinci ba, ba a gaban kowa ba, ki kuma faɗi abin da kika gani kawai: "Na ga kin daina ci da mu, na ga kina gajiya, hankalina ya tashi, za mu je a duba ki." Za ta ce lafiyarta ƙalau. Musun yana cikin ciwon, ku tafi duk da haka. A asibiti za a auna nauyi da tsawo, bugun zuciya da hawan jini a kwance da a tsaye, da gishirin jini. Maganin da ya fi aiki a shekarunta shi ne wanda iyaye ke karɓar ragamar ciyarwa bisa jagorancin likita: ci uku da ƙananan ci biyu ko uku a rana, babba yana zaune tare da ita har ta gama, da awa ɗaya bayan nan. Don haka mahaifinta ma ya zo, aikin na mutum biyu ne. Idan ta daɗe ba ta ci sosai, kada a dura mata abinci mai yawa lokaci ɗaya a gida, domin hakan yana rikita gishirin jini ya taɓa zuciya. In ta suma, ko bugun zuciyarta ya sauka ƙasa da 50 a minti tana farke, ko ta ƙi ko da ruwa, ko ta ambaci cutar da kanta, kada a jira ranar ganin likita, a wuce sashen gaggawa.